Karinyan: inabin da ya mayar da Aljeriya ta ɗaya a duniya wajen fitar da giya

 

Yau hirarmu a kan inabi ce. Wani irin baƙin inabi ne da ba a cika cin sa haka nan ba, matse shi ake yi a yi jar giya. Na san wani zai ce, "Malam, lafiya? Mu da giya kuma?" To, ku kwantar da hankalinku. Hukuncin giya a wurinmu sananne ne, kuma ba talla na zo yi ba. Tambaya ce ta kawo ni: ya aka yi Aljeriya, ƙasar da kusan duk 'yan asalinta Musulmi ne, maƙwabciyar Nijar ta arewa, ta wayi gari a wajajen 1960 ita ce ta ɗaya a duk duniya wajen fitar da giya zuwa waje? Ta wuce Faransa, ta wuce Italiya, ta wuce Sifen. Masu binciken tattalin arziki ma sun nuna cewa abin da take fitarwa a lokacin ya fi na ƙasashen nan uku in an haɗa su. Amsar tana cikin labarin wannan inabi.

Sunansa Karinyan, a rubuce Carignan. Sunan ya samo asali ne daga wani gari da ake kira Karinyena a yankin Aragon, arewa maso gabashin Sifen, kuma daga can ake ganin irin ya fito. A yankin Rioja Mazuelo suke ce masa, a tsibirin Sadiniya na Italiya kuma Carignano. Duk abu ɗaya ne.

Bari mu fara da halinsa, don in ba ka san halin shukar ba, ba za ka gane dalilin da ya sa 'yan mulkin mallaka suka ƙwallafa rai a kanta ba.

Karinyan ɗan rana ne. Yana jinkirin toho, yana kuma jinkirin nuna. Jinkirin tohon yana tsirar da shi daga sanyin ƙarshen hunturu mai ƙone sabon ganye, amma jinkirin nunar yana nufin sai ya sami dogon lokaci na zafi kafin 'ya'yansa su yi zaƙi. Ka kai shi arewacin Faransa ko Jamus, sanyi zai riske shi bai nuna ba. Shi ya sa gidansa gaɓar tekun Bahar Rum ne, inda rani ke da tsawo, iska busasshiya. In wuri na da laima, fumfunar nan fara mai kama da gari sai ta rufe masa ganye da 'ya'ya, dole manomi ya yi ta barbaɗa farar wuta. Yana jure fari, yana tsayawa da ƙafarsa kamar ƙaramin kurmi ba sai an kafa masa sanduna da waya ba. Sannan ga babban abin: yawan haihuwa. A ƙasa mai kyau da ruwa, hekta ɗaya tana iya ba da ruwan inabi har lita 20,000. Ninki huɗu kenan na abin da gonakin giya masu tsada suke bari a samu.

Akwai wani hali nasa da nake so ku riƙe, za mu dawo kansa. Karan da ke riƙe da nonon inabin yana da tauri sosai, ba ya tsinkewa da sauƙi. Dole sai mutum ya sunkuya da wuƙa ko almakashi ya yanke nono ɗaya bayan ɗaya. Wato shuka ce mai cin hannaye da yawa.

Giyar da ake samu daga gare shi fa? Masu harkar suna siffanta ta da abu uku: launi mai duhu, tsami mai yawa, da bauri. Baurin nan da kake ji in ka ciji ɗanyar kanya, bakinka ya ɗaure, shi ne. Yana fitowa daga ɓawon inabin da ƙwayarsa. In an bar bishiyar ta yi 'ya'ya son ranta, giyar kan fito da kaushi, ba ƙamshi, ba wani abin yabo. Saboda haka shekara da shekaru aikin Karinyan shi ne gauraye: a zuba shi cikin wata giyar mai rauni ya ba ta launi da ƙarfi.

To, yanzu mu shiga tarihin.

A wajajen 1863 wani ɗan ƙwaro ya ɓulla a gonakin inabi na kudancin Faransa. Filoksera ake ce masa. Daga Arewacin Amurka ya shigo, a jikin tsiran inabin da aka yi ta shigowa da su. Ƙanƙane ne ƙwarai, a ƙarƙashin ƙasa yake zama yana tsotsar saiwa har bishiyar ta bushe. Sai a 1868 wani masanin tsirrai na birnin Monfeliye, Jules-Émile Planchon, da abokan aikinsa suka gano shi. Kafin a samo magani, ɓarna ta riga ta yi nisa. A 1875 Faransa ta samar da giya sama da lita biliyan 8. Zuwa 1889 abin ya faɗo ƙasa da lita biliyan 2 da rabi. Maganin da aka samu daga baya irin wanda masu lambunmu suka sani ne: aure. Kamar yadda ake yi wa mangwaro aure, haka aka riƙa ɗora reshen inabin Turai a kan saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Amma sake dasa gonakin ƙasa guda aiki ne na shekaru masu yawa.

A wancan zamanin giya a Faransa kamar abinci take. Lebura yana sha, soja yana sha, a kan teburin kowane gida akwai ta. Ga buƙata, babu kaya. Sai idanu suka juya tsallaken teku.

Faransa ta mamaye birnin Aljiyas tun 1830, kuma a 1848 ta ayyana arewacin Aljeriya a matsayin wani ɓangare na Faransa kanta. Bayan boren da Shaihu Mukrani ya jagoranta a 1871, gwamnatin mallaka ta ƙwace filaye masu ɗimbin yawa daga hannun ƙabilun da suka shiga boren. Sai dokar Warnier ta 1873 ta zo ta wargaza tsarin mallakar ƙasa na dangi da na gandu, ta mayar da shi na ɗaiɗaiku, yadda zai yi sauƙi a saye daga hannun talaka. Kun ga an tanadi ƙasa kenan. Manoman Faransa da filoksera ya karya suka yi ta ƙetarowa, bankuna suka ba su bashi, aka shiga dashe a filayen Mitija kusa da Aljiyas, da yammacin ƙasar wajajen Oran, Maskara, Mustaganem da Ain Temushent.

Da farko zafi ya ba su matsala. Yis ɗin da ke juya zaƙin inabi ya zama barasa yana mutuwa in tukunyar ta yi zafi da yawa, sai ruwan ya lalace. Da aka samo dabarar sanyaya ruwan inabin yayin da yake tsimuwa, ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. Kuma wane iri ne ya dace da wannan rana da wannan buƙata ta yawa? Karinyan ne a gaba, tare da wasu irin su Sanso da Alikante Bushe. Zuwa shekarun 1930 gonakin inabi a Aljeriya sun kai kimanin hekta 400,000, ana samar da wajen lita biliyan 2 a shekara mai kyau.

Yanzu ku duba yadda cinikin yake. Kusan duk giyar nan jirgin ruwa ake loda wa, a tsallaka da ita tashoshi irin su Set da Marsai. Babu harajin shigo da kaya, tunda a takarda Aljeriya Faransa ce. A can kudancin Faransa manoma suna shuka wani iri mai suna Aramon, shi ma mai yawan haihuwa, amma giyarsa fara-fara ce, marar ƙarfi. Sai 'yan kasuwa su gauraya ta da baƙar giyar Aljeriya, launi ya fito, ƙarfi ya ƙaru, a zuba a kwalba a sayar. Har suna suka ba ta a Faransanci, mai ma'anar giya likita, don ita ke warkar da mai rauni. Mai sha a Faris sau da yawa bai ma san daga ina rabin abin da ke cikin kofinsa ya fito ba. Aljeriya ta ba da ƙasa da rana da gumi, suna da riba mafi tsoka suka tsaya a ɗaya gaɓar.

Kun tuna karan nan mai tauri? Su wa ke sunkuyawa suna yankewa? 'Yan asalin ƙasar. Mutanen da kakanninsu ke noma alkama da sha'ir suna kiwon tumaki a waɗannan filaye, su ne suka koma 'yan ƙodago a kansu. Aikin na lokaci-lokaci ne: sassabe rassa da hunturu, barbaɗa farar wuta, sai girbi a ƙarshen rani. Har daga tsaunukan Rif na Maroko mutane ke gangarowa cin rani yankin Oran lokacin girbi. Mutum ya wuni yana tara abin da shi ba ya sha, addininsa ya hana shi, don ya sami kuɗin sayen garin da a da gonar gidansu ke ba shi. Wallahi abin akwai ciwo.

Kada kuma ku ɗauka talakan Faransa ya ji daɗin tsarin. Da gonakinsu suka farfaɗo daga filoksera, sai kaya ya yi yawa a kasuwa: ga nasu, ga na Aljeriya, ga na jabu da ake haɗawa da sukari da ruwa. Farashi ya faɗi warwas. A 1907 manoman yankin Langidok suka tashi, ƙarƙashin wani manomi mai suna Marcelin Albert daga ƙauyen Arjeliye. Ranar 9 ga Yuni na shekarar, mutane sama da rabin miliyan suka cika titunan Monfeliye. Shugaban gwamnati Georges Clemenceau ya tura sojoji, aka harbe mutane a garin Narbon, wata rundunar soja da yawancinta 'ya'yan yankin ne ta yi tawaye ta koma wajen jama'a a Beziye. Daga nan aka yi dokar hana zuba ruwa da taƙaita sukari a giya. Kun ga, tsari ɗaya ya matse ɗan ƙodago a Maskara, ya matse ƙaramin manomi a Langidok. Masu manyan gandaye da dillalai ne suka ci moriya.

Sai 1962 ta zo. Bayan yaƙin neman 'yanci na kusan shekara takwas, Aljeriya ta sami kanta a watan Yuli. Turawan da ke zaune a ƙasar, kusan miliyan ɗaya, yawancinsu suka kwashe kayansu cikin 'yan watanni. Suka bar wa sabuwar gwamnati dubban ɗaruruwan hektoci na inabi, da rumbunan matsa, da ma'aikata masu jiran albashi. Giya a lokacin ta kai kusan rabin kuɗin da ƙasar ke samu daga kayan da take fitarwa. Ka tsaya ka yi tunanin wannan tsaka mai wuya. Mafi yawan jama'arka ba sa shan kayan. Masu shan sa a cikin gida sun tafi. Mai sayen sa a waje mutum ɗaya ne, kuma shi ne wanda ka gama yaƙi da shi jiya.

Gwamnatin Ahmad Bin Bella ta mayar da gonakin Turawa hannun kwamitocin ma'aikata a 1963. Faransa ta yi alkawarin ci gaba da saye na wasu shekaru, amma manomanta suka matsa wa gwamnatinsu lamba, aka riƙa rage yawan da ake karɓa, daga baya aka hana gauraya giyar Faransa da ta waje. To giyar da aka gina ta don gauraye, in an hana gaurayen, ina za a kai ta? Rumbuna suka cika. A ƙarshen shekarun 1960 Aljeriya ta ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Sobiyet, ta riƙa tura mata lita miliyan 500 a shekara, amma a farashi mai karya zuciya. Mai kaya ba shi da zaɓi, mai saye ya sani.

A watan Fabrairun 1971 Shugaba Huwari Bumadyan ya ƙwace mafi rinjayen hannun jarin kamfanonin man Faransa a Aljeriya. Cikin abin da Faransa ta riƙe a matsayin bulala har da daina sayen giya. Shi kuma ya ba da umarnin a tumɓuke dubban hektoci na inabi. A fuskar siyasa, magana ce ta mutunci: ba za a riƙa murɗe mana hannu da wannan ba. A fuskar ƙauye kuwa, lissafin daban ne. Hektar inabi tana ɗaukar ma'aikata ninkin-ba-ninkin abin da hektar alkama ke ɗauka. Da aka cire inabin, aikin ya tafi da shi, matasa da dama suka nufi birane ko suka tsallaka Faransa neman aiki. Kuma a gangaren tsaunuka, saiwar inabi mai zurfi ita ke riƙe ƙasa. Wuraren da aka share ba duka ne suka karɓi hatsi da kyau ba. Yau Aljeriya tana cikin manyan masu sayen alkama daga waje, gonakin inabinta kuma sun ragu ƙwarai, babban kasonsu na ci ne. Ana dai yin giya kaɗan har yanzu a wurare irin su Maskara, Madiya da Tilimsan.

Shi Karinyan ɗin fa, ina ya nufa? Ya bi kasuwarsa. Tunda giyar Aljeriya ta daina zuwa, kudancin Faransa ya zama dole ya samar da launi da ƙarfin da kansa. Dama mugun sanyin watan Fabrairun 1956 ya kashe gonaki da yawa, gwamnati tana ƙarfafa a cire Aramon. Sai aka yi ta dasa Karinyan, har da Turawan da suka dawo daga Aljeriya waɗanda suka san shi ciki da bai. Zuwa 1988 ya mamaye hekta 167,000, ya zama irin inabin da aka fi shukawa a duk Faransa. Amma a daidai lokacin Faransawa sun rage shan giya mai arha ta yau da kullum. Kaya ya sake yin yawa, har Turai ta shiga biyan manoma kuɗi don su tumɓuke gonakinsu. Karinyan ne ya fi shan gatari, kafin shekara ta 2000 wani iri mai suna Merlo ya karɓe kambun. Kun ga abin mamaki? An tumɓuke shi a Aljeriya saboda siyasa, an tumɓuke shi a Faransa saboda kasuwa.

Waɗanda suka tsira su ne tsofaffin bishiyoyi a kan duwatsu da tsandauri, inda babu wani abin da za a shuka a madadinsu. Kuma a nan ne labarin ya juya. Bishiyar da ta shekara 60, 80 ko 100 a ƙasa marar ƙarfi, ba a ba ta ruwa, 'ya'yanta kaɗan ne, wani lokacin ko kashi ɗaya cikin goma na wancan lita 20,000 ba ta kaiwa. Amma ɗan abin da ta bayar ya tattara komai. Daga ƙarshen shekarun 1980 masu yin giya a Firiyorat, wani yanki mai duwatsu a Kataloniya, suka fara fitar da kwalabe masu tsada daga tsofaffin Karinyan da Garnaca. A Sulcis da ke kudu maso yammacin Sadiniya akwai bishiyoyin da ba a taɓa yi musu aure ba, saboda a cikin yashi suke kuma filoksera ba ya iya rayuwa a yashi. A ƙasar Chile, an dasa shi da yawa a yankin Maule bayan girgizar ƙasar Chillán ta 1939, aka manta da shi shekaru, sai a 2009 wasu masu sana'ar suka kafa ƙungiya mai suna Vigno, da sharaɗin bishiya ta kai aƙalla shekara 30 kuma ba a yi mata ban ruwa. Yanzu da duniya ke ƙara zafi, tsamin nan da ake kushe shi a kai ya zama abin nema, don yawancin irin inabi suna rasa tsaminsu in rana ta yi yawa, shi kuwa yana riƙewa.

To 'yan uwana matasa, mene ne namu a ciki? Ni dai abin da ya tsaya mini shi ne maganar mai saye guda ɗaya. Mu ma muna da kayan da muke nomawa don bakin wasu. Ku ɗauki zoɓo. Jigawa, Kano da Katsina suna noma shi da yawa, kuma babbar kasuwarsa ta waje Meziko ce. Da Meziko ta dakatar da karɓar zoɓon Najeriya na wasu shekaru saboda ƙwari da aka gano a cikin kaya, manoma da 'yan kasuwa sun ji a jikinsu. Sa'armu ɗaya: zoɓo muna sha, riɗi muna ci, gyaɗa muna matse mai mu yi ƙuli. Manomin Aljeriya na 1962 ko wannan mafakar bai samu ba.

Saboda haka duk ranar da wani ya zo garinku da maganar zai karɓi filaye ya kawo sabon iri, ko ya ce kowa ya bar gero ya koma abu kaza don akwai kasuwa a waje, kada a yi saurin tafi, kada kuma a yi saurin kora. A zauna a yi tambaya. Ƙasar a hannun wa za ta kasance bayan shekara 20? Masu saye nawa ne, in wannan ya juya baya akwai wani? A ina za a sarrafa kayan, sunan wa zai hau kan buhu ko kwalba? In kasuwar ta rushe, abin nan muna iya ci ko amfani da shi a gida? Kuma ranar da aka ga dole a bar shi, me aka tanadar wa masu aikin kafin a sa gatari? Mutanen Mitija da Maskara ba a ba su damar yin waɗannan tambayoyin ba, da bindiga da dokar mallaka aka yanke musu hukunci. Mu muna da bakin magana, muna da ƙungiyoyin manoma, muna da wakilai da za mu iya tsarewa da tambaya. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

A nan zan dakata. 'Yan uwanmu na Agadas da Arlit masu zirga-zirga zuwa Tamanrasat, da ɗalibanmu da ke karatu a jami'o'in Aljeriya, in kun taɓa ratsa yankunan nan na inabi ku ba mu labarin abin da ake nomawa a can yanzu. Masu noman zoɓo da riɗi kuma, ku faɗa mana mutum nawa ke sayen kayanku kuma wa ke yanke farashi. Za mu karanta saƙonninku a shiri na gaba in Allah ya kai mu.